Hercules Mulligan, Maɗinkin Birnin New York

A zamanin da ƙasar Amurka ta ke ƙarƙashin mulkin Sarkin Ingila, an yi wani maɗinki a birnin New York, sunansa Hercules Mulligan. Allura da almakashi su ne kayan aikinsa, amma duk wanda ya karanta tarihin yaƙin da mutanen Amurka suka yi don su sami mulkin kansu, sai ya ci karo da sunansa. Ga labarinsa, da na iyalinsa.

An haife shi ran 25 ga Satumba, 1740, a wani gari da a ke kira Coleraine, can arewacin tsibirin Ailan, yamma da Ingila. Watau ya girmi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da shekara 14. Sunan ubansa Hugh, sunan uwarsa Sarah. Yana da wa, shi ma Hugh a ke ce da shi, sunan ubansu ya ci. Ku riƙe sunan wan nan nasa, gama za mu sake gamuwa da shi nan gaba.

A wancan lokaci zaman Ailan da wuya ga talaka. Gonaki na hannun manya, kuɗin haya ya yi yawa, ga yunwa tana aukuwa loto-loto. Saboda haka mutane da yawa suka riƙa ƙaura zuwa Amurka. Cikin 1746, sa'ad da Hercules ya ke da shekara 6, ubansa ya kwashe iyalinsa suka shiga jirgin ruwa, suka ƙetare Tekun Atlantika. Jiragen zamanin ba su da inji, iska ce ke tura su, har a kan yi mako shida ko fiye ba a ga tudu ba. Suka sauka a New York, nan kuwa Hercules ya zauna har ƙarshen ransa.

Kada ku zaci New York ta lokacin ta yi kama da ta yanzu mai dogayen benaye. Ƙaramin gari ne a ƙarshen wani tsibiri, ruwa ya kewaye shi. Mutanen Holan suka kafa shi, Ingilishi suka ƙwace daga hannunsu cikin 1664. Har zuwa lokacin da aka fara yaƙi, mutanen garin ba su wuce wajen 25,000 ba. Amma tashar jiragen ruwansa tana da kyau ƙwarai, don haka ciniki ya kankama, attajirai suka yi yawa, ga kuma sojan Sarki da hafsoshinsu zaune a garin. Inda attajirai da hafsoshi suka taru kuwa, maɗinki ba ya kwana da yunwa.

Hercules ya yi karatu, ya iya rubutu da lissafi, sa'an nan ya kama sana'ar ɗinki. Ɗinkin wannan zamani ba irin wanda kuka saba gani a kasuwa ba ne, gama ba a ƙago keken ɗinki ba tukuna, sai da aka yi kusan shekara ɗari bayan wannan. Kome da hannu a ke yi. Yaron da ya ke so ya koyi sana'ar, a kan ba da shi ga wani gwani ya yi wajen shekara bakwai yana bauta masa. Da fari sai shara da hura wutar dutsen guga, daga nan a koya masa riƙon allura, da ƙulla bakin maɓalli, da kalmasa. Yanka shi ne na ƙarshe, domin yadin ulu daga Ingila a ke kawo shi, da tsada kuwa, in an ɓata shi an yi babbar hasara. Maɗinka su kan hau kan wani faffaɗan tebur kusa da taga, su tanƙwashe ƙafa, su yi ta soka allura tun safe har hasken rana ya ƙare. Ko abin awo mai lambobi ba su da shi. Sai a sami doguwar takarda siririya, a gwada ta a jikin mutum, a ɗan tsaga ta da almakashi a wurin faɗin kafaɗa, da wurin tsawon hannu, da kewayen ƙugu, a rubuta sunan mai ita a rataye. Kwat guda ɗaya ta babban mutum ta kan ci kwanaki.

Da Hercules ya ƙware, sai ya buɗe kantin kansa. Ba ɗinki kaɗai ya ke yi ba, har yana sayar da yadi mai kyau, da zaren zinariya da na azurfa, da adon kafaɗa irin na hafsoshi. Sojan Ingila a lokacin jajayen riguna su ke sawa, ja wur kamar mulufi, hafsoshinsu kuwa su ke biyan kuɗin ɗinkin nasu da kansu, kowa yana so ya fi ɗan'uwansa kyan gani. Mulligan mutum ne mai fara'a, mai daɗin baki, ya san yadda a ke karɓar baƙo. Ba a daɗe ba kantinsa ya zama matattarar manyan gari.

Ana nan sai rigima ta tashi tsakanin Ingila da yankuna 13 da ta mallaka a Amurka. Asalinta kuɗi ne. Ingila ta yi doguwar gaba da Faransa, aka ƙare cikin 1763, ta ci nasara amma bashi ya yi mata katutu. Sai Majalisar Ingila ta ce lalle mutanen Amurka su taimaka a biya. Cikin 1765 aka yi doka, wai kowace takardar shari'a, da ta ciniki, da jarida, sai an saya mata kan sarki. Mutanen Amurka suka ce ba su yarda ba, tun da ba su da ko wakili ɗaya a majalisar da ta aza musu wannan haraji. Waɗansu suka kafa ƙungiya a ɓoye, suka sa mata suna 'Ya'yan 'Yanci. Mulligan yana cikin waɗanda suka shiga tun da wuri. Aka soke dokar cikin 1766, amma aka kawo waɗansu a madadinta, zukata ba su kwanta ba. Cikin Janairu 1770 har aka yi faɗa a titin New York tsakanin sojan Sarki da mutanen gari, a wani wuri da a ke kira Golden Hill, aka ji wa mutane ciwo.

Ku duba halin da maɗinkin nan ya ke ciki. Da rana yana auna kafaɗun hafsoshin Sarki, da dare yana taro da masu neman korar su. Aurensa ma ya ƙara ɗaure abin. Ran 27 ga Oktoba, 1773, ya auri Elizabeth Sanders a majami'ar Trinity. An ce ta haɗa dangi da Sir Charles Saunders, wani babban hafsan jiragen yaƙin Ingila, wanda ya kai rundunar da ta ci birnin Quebec a ƙasar Kanada cikin 1759. Wa zai yi zaton surukin irin wannan gida yana gāba da Sarki? Allah ya ba su 'ya'ya 8, maza 3, mata 5.

Wajen wannan lokaci ne wani saurayi ya iso New York daga tsibiran da ke kudu, neman ilmi. Sunansa Alexander Hamilton. Maraya ne, uwarsa ta rasu, ubansa ya daɗe da barinsu. Ya yi aikin akawu a tsibirin St. Croix, mutanen wurin suka ga hazikancinsa, suka tara kuɗi suka aiko shi. Kamfanin da ke riƙe masa kuɗin nan, Hugh wan Hercules yana cikin masu shi. Ta haka saurayin ya san maɗinki. Hercules ya girme shi da fiye da shekara 14, ya ɗauke shi kamar ƙane. Ya raka shi garin Princeton neman shiga kwalejin wurin. Hamilton ya roƙa a bar shi ya riƙa tsallake aji gwargwadon ƙoƙarinsa, hukumar makarantar ta ƙi. Suka komo, ya shiga Kwalejin Sarki ta New York, wadda yanzu a ke kira Jami'ar Columbia, ya zauna a gidan Mulligan. Mulligan ya ba da labari daga baya, cewa da maraice yaron nan ya kan zauna da iyalin gidan, ya riƙa shirya 'yan waƙoƙin ban dariya yana karanta musu.

Yaƙi ya ɓarke cikin Afrilu 1775, kusa da birnin Boston. A bakin ruwan New York akwai igwogi jere a kan ganuwa, wani babban jirgin yaƙin Ingila kuma, mai suna Asia, yana tsaye a tasha. Mutanen gari suka ji tsoron kada sojan Sarki su kwashe igwogin. Daren 23 ga Agusta, 1775, suka tafi da igiyoyi suka fara jansu zuwa cikin gari. Jirgin ya buɗe musu wuta. Mulligan da Hamilton duk suna wurin. Hamilton ya miƙa wa Mulligan bindigarsa ya riƙe masa, shi kuwa ya kama igiya. Da wuta ta yi tsanani, Mulligan ya janye, ya bar bindigar a can. Hamilton ya tambaye shi ina ta ke, ya gaya masa. Sai yaron ya juya ya koma bakin ruwa, ana ta harbi, ya ɗauko abarsa ya dawo kamar ba abin da ke faruwa. Mulligan da kansa ya rubuta wannan labari, bai ɓoye cewa shi ne ya bar bindigar ba. A daren nan an janye igwa 21.

Ran 4 ga Yuli, 1776, wakilan yankunan nan 13 suka shelanta cewa sun fita daga mulkin Ingila. Ran 9 ga wata aka karanta takardar shelar a gaban sojan Janar George Washington a New York. A wani fili cikin garin akwai mutum-mutumin Sarki Joji na Uku bisa doki, an yi shi da dalma, an shafe da ruwan zinariya. Jama'a suka ruga can, 'Ya'yan 'Yanci na gaba, suka ɗaura masa igiya suka kayar. Ana lissafa Mulligan cikin waɗanda suka ja gaba. Aka farfasa shi, aka kai dalmar yankin Connecticut, aka narkar, aka yi harsashi 42,088 da ita.

Murna ba ta daɗe ba. Ingila ta aiko da runduna mai yawan gaske. Ran 27 ga Agusta aka gwabza a Long Island, aka fi ƙarfin Washington, ya ja da baya. Tsakiyar Satumba sojan Sarki suka shiga New York, suka zauna cikinta shekara bakwai cur. Bayan 'yan kwanaki gobara ta tashi, ta cinye unguwanni da yawa, har da majami'ar da aka ɗaura auren Mulligan. Washegarin gobarar aka rataye wani saurayi, Nathan Hale, mai shekara 21, don an kama shi yana leƙen asiri wa Washington. Kowa a garin ya ga abin da ke jiran ɗan leƙen asiri.

Mulligan ya zauna a garin, ya ci gaba da ɗinkinsa. Cikin 1777 Hamilton ya zama ɗaya daga cikin hafsoshin da ke tare da Washington kullum, suna rubuta masa wasiƙu. Janar yana bukatar wanda zai riƙa sanar da shi abin da abokan gaba ke ƙullawa a New York. Hamilton ya tuna da mai masaukinsa.

To, yaya maɗinki zai san asirin soja? Abin ba wuya in kun yi tunani. Mutum in ya tsaya ana auna shi, hannuwa a miƙe, ba abin da zai yi sai magana. Mulligan ya kan yabi tsayin hafsa da kyan ƙirarsa, ya kawo masa abin sha, ya bar shi ya yi ta surutu. Mai son a san shi babba ne, ba ya iya riƙe bakinsa. Ko wanda bai faɗi kome ba ma, aikin da ya kawo ya kan tona shi. In hafsa guda ya ce lalle a gama masa gyaran riga kafin Talata, wannan ba kome ba ne. Amma in hafsoshi biyar ko shida na runduna ɗaya duk suka ce kafin Talata, to, ran Laraba rundunar za ta tashi. In suka nemi tufafi masu kauri, arewa za su, wajen sanyi. In marasa nauyi, kudu suka nufa. Hugh kuma kamfaninsu yana sayar wa sojan Ingila kayan abinci, saboda haka ya kan san jirgi nawa a ke yi wa lodi, da guzurin mutum nawa. Wa da ƙane su haɗa abin da suka ji, labari ya cika.

Sauran aiki shi ne fitar da labarin daga gari, wannan kuwa ya fi duka hatsari, gama akwai masu gadi a kowace hanya da kowace mashiga ta ruwa. Mai wannan aiki wani baƙin mutum ne, bawan Mulligan, sunansa Cato. Hafsoshi sun saba ganinsa yana kai musu ɗinki gida-gida, ba su ɗauke shi a bakin kome ba, sai su bar shi ya wuce da ƙunshinsa. Ta haka ya kan ƙetare kogi ya kai saƙo. In da an kama shi da takarda, ba mai tsaya masa, ba shi da surukai manya. Ya sa ransa cikin hatsari don 'yancin waɗansu, alhali shi kansa ba shi da 'yanci. Ya kamata duk inda aka ambaci Mulligan a ambaci Cato.

Labari biyu sun fi shahara cikin abin da a ke faɗa game da su. Na fari, wani dare wani hafsa ya zo a gaggauce yana neman babbar kwat ta sanyi. Mulligan ya tambaye shi dalilin sauri. Hafsan ya yi fahariya, ya ce sun san inda Washington zai sauka, kafin wata rana ta fito za su kama shi. Yana fita aka tashi Cato. Washington ya sauya shiri, masu kwanto suka koma hannu wofi. Na biyu, cikin farkon 1781, Washington yana shirin tafiya Rhode Island ya gana da shugaban sojan Faransa, waɗanda suka zo taimakon Amurka. Aka ba Hugh aikin zuba guzurin mahaya 300 cikin jiragen ruwa da gaggawa. Ya binciko, ya gane tare hanya za a yi. Ya gaya wa ƙanensa, saƙo ya tafi, Janar ya isa inda za shi lafiya.

Ba a rasa masu zarginsa ba. Cikin Satumba 1780 wani babban hafsan Amurka, Benedict Arnold, ya ci amanar ƙasarsa ya gudu wajen Ingilishi, ya ba da sunayen waɗanda ya ke tsammani 'yan leƙen asiri ne. Aka kama Mulligan aka tsare. Kurkukun New York a lokacin wurin mutuwa ne. A cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka mayar gidan fursuna a bakin garin, mutum fiye da 11,000 suka mutu saboda yunwa da cuta. Amma ba a sami shaida a kansa ba, ga shi da iya magana, ga abokai cikin hafsoshi. Aka sake shi, ya koma kantinsa.

Cikin Oktoba 1781 babbar rundunar Ingila ta miƙa wuya a Yorktown. Aka yi sulhu a birnin Faris cikin Satumba 1783. Ran 25 ga Nuwamba na shekarar nan sojan Sarki na ƙarshe suka shiga jiragensu, Washington ya shigo New York bisa doki. A nan wani sabon hatsari ya taso wa Mulligan. Maƙwabtansa shekara bakwai suna ganinsa yana dariya da hafsoshin abokan gaba, yana cin kuɗinsu. Ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashi. A idonsu maci amana ne, irin waɗannan kuwa a kan ƙwace dukiyarsu, a wulakanta su, a kore su. Dubban mutane sun riga sun gudu Kanada da Ingila saboda tsoron haka. Washington bai yi shela ba, bai rubuta takarda ba. Sai ya hau ya tafi gidan maɗinkin nan, mutane na kallo, ya zauna ya karya kumallo tare da shi, ya kuma ba shi aikin ɗinkin tufafi irin na farar hula. Magana ta mutu. Mulligan ya sa aka rubuta a allon ƙofar kantinsa cewa shi ne maɗinkin Janar Washington.

Cinikin nan bai tsaya nan ba. Washington ya zama shugaban ƙasar Amurka na farko cikin 1789, a New York aka rantsar da shi. Bayan gwamnati ta ƙaura zuwa Philadelphia, cikin 1792 magatakardansa ya rubuto wa Mulligan, yana neman irin wani baƙin yadi da ya taɓa ɗinka wa shugaban wando da shi.

Cikin Janairu 1785 waɗansu mutanen New York suka kafa ƙungiya don neman a 'yanta bayi, da kare waɗanda aka 'yanta kada a sace su a sake sayarwa. Mulligan yana cikin waɗanda suka kafa ta, Hamilton ma ya shiga, John Jay ya zama shugabanta. Abin kunya, da yawa cikinsu suna da bayi a gidajensu a lokacin da su ke wannan taro. Duk da haka ƙungiyar ta yi aiki. Cikin 1787 ta buɗe makaranta don 'ya'yan baƙaƙen mutane. Cikin 1799 aka yi dokar kawar da bauta sannu a hankali a yankin New York, amma ba ta ƙare sarai ba sai 1827.

Hamilton ya ɗaukaka, ya zama ministan kuɗi na farko na Amurka. Cikin Yuli 1804 ya yi faɗan bindiga da wani abokin hamayyarsa, Aaron Burr, aka harbe shi, washegari ya mutu. Aka binne shi a harabar majami'ar Trinity. Mulligan, wanda ya karɓe shi yana yaro, ya rayu shekara 20 da 'yan watanni bayansa, ya kuma rubuta abin da ya tuna na ƙuruciyarsa. Masu tarihi har yanzu suna amfani da wannan rubutu. Ya bar aiki cikin 1820 yana da shekara 80. Ya rasu ran 4 ga Maris, 1825, yana da shekara 84. Aka binne shi a kabarin dangin matarsa, cikin harabar nan ta Trinity, ba nisa da Hamilton.

Babban ɗansa, John, an haife shi cikin 1774. Bai gāji allura ba, shari'a ya karanta, ya zama lauya. Yana saurayi ya yi magatakarda wa Baron von Steuben, wani Bajamushe wanda ya horar da sojan Washington lokacin yaƙi. Da Baron zai mutu cikin 1794, ya bar masa dukan littattafansa da taswirorinsa cikin wasiyya. Daga baya John ya riƙe aikin ƙaramin jakadan Amurka a birnin Atina, ƙasar Girka. Ya yi tsawon rai kamar ubansa, ya rasu cikin 1862.

'Yar John kuwa, Frances, ta auri wani mai suna John Henry Hill. Ita da mijinta suka tafi Girka sa'ad da ƙasar ta fito daga yaƙin neman 'yancinta daga hannun Turkawa, Atina duk ta zama kufai. Cikin 1831 suka buɗe makaranta a can, Frances ta kama koyar da 'yan mata. Ban da karatu da rubutu, har da ɗinki a ke koya musu. Ta zauna a Atina fiye da shekara 50, ta rasu a can cikin 1884, makarantar kuwa ta ci gaba da ɗauke da sunan Hill.